Bayan raga a Edmonton

Hunturun farko da muka yi a Edmonton, a ƙasar Kanada, ban leƙa waje ba sai dole. Ni da na taso a Kano ina kukan sanyin Janairu, sai ga ni a garin da ma'aunin sanyi ke sauka har talatin ƙasa da sifili, rana kuma ta faɗi da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna a watan Disamba. La'asar da magariba kamar a haɗe suke. Daga gida sai masallacin Al Rashid ranar Juma'a, sai kanti. Maigida yana wurin aiki, yara suna makaranta, ni ina bakin taga ina kallon farin gari.

'Yata ta biyu ce ta fitar da ni. A unguwarmu akwai fili da ake malala wa ruwa ya daskare, yara su yi ta sulu a kai har dare. Ta koyi tsayuwa a kan takalmin ƙanƙara, ta shiga ƙungiyar hoki ta yaran unguwa, rannan kuma ta dawo ta ce, "Mama, gola nake so in zama." Da na faɗa wa Hajiya a waya sai ta yi salati: "Ɗiya mace za ku tsayar a riƙa jifanta?" Ban ga laifinta ba. Abin da ake bugawa ɗan faifan baƙar roba ne mai taurin dutse, kuma kan mai tsaron raga yake nufa.

Kayan gola tsada gare su, na hannu muka saya. Nakan ɗaura mata matasan ƙafa, in gyara mata ƙaramin hijabinta kafin ta kifa hular ƙarfe, sannan in koma benci can bayan raga, ni kaɗai. Sauran iyaye ɗokin a ci suke yi. Uwar gola kuwa addu'ar kada a ci take yi.

Ranar da aka zura mata shida ta fito tana kuka, wata dattijuwa da ke rako jikanta ta zo ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini kofi mai zafi. Ita ce ta fara ambata mini Shannon Szabados. Ta ce 'yar garin nan ce, an haife ta a 1986, kuma cikin maza ta yi yawancin wasanta, har ta tsare wa ƙungiyar maza ta kwalejin NAIT raga. A gasar Olamfik ta Vancouver a 2010, tana tsare wa matan Kanada raga, Amurka ta kai mata hari 28 a wasan ƙarshe, ba wanda ya wuce ta, Kanada ta ɗauki zinare da ci 2 da nema.

Da daddare muka nemo wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Sochi ta 2014 a YouTube, ni da yarinyar. Amurka na gaba da ci biyu, saura ƙasa da minti huɗu. Brianne Jenner ta rama wa Kanada ɗaya. Sai koci ya janye Szabados daga raga don a ƙara mai kai hari, ta koma gefe tana kallo. Wata 'yar Amurka ta doko faifan daga can nesa, ya taho yana sulalowa zuwa ragar da ba kowa, ya daki ƙarfe ya tsaya. Na san sakamakon, amma sai da na dafe ƙirji. Marie-Philip Poulin ta farke saura ƙasa da minti ɗaya, ita ce kuma ta ci na nasara a ƙarin lokaci. Poulin kowa ke tunawa. Ni kam hankalina na kan yadda Szabados ta koma raga a farkon ƙarin lokacin, Amurkawa suka yi mata ca, ta tare duka. Ba don ita ba, da babu ƙwallon Poulin.

Mun kalli na Pyeongchang na 2018 ma, inda aka doke ta a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta karɓi azurfa, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar masu tsaron raga a gasar. Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ita ma ana cin ta."

Yanzu hunturu na huɗu ke nan. Na san filayen wasa na garin nan fiye da kasuwanninsa, kuma a kan bencinsu na yi ƙawayen da ban samu ba a shekarar zaman taga. Dattijuwar nan tana kama mini wuri, ni kuma ina kawo mata shayi mai citta da kanumfari a fulas. Asabar da ta wuce na ɗauki bidiyon yarinyar ta tare wani bugu da safar hannu, na tura wa Hajiya. Ta aiko da saƙon murya, tana tambaya ko hular tana rufe maƙogwaro.