Abin da na koya a garejin da na bari

Na ajiye aiki a garejin da na koyi gyaran giya, kuma tunda yaran da muka yi aiki tare suna ta tambayata dalili gara in faɗa a nan kowa ya ji.

Ogana ba a raina hannunsa a kan giyar manuwal, wato wadda direba ke taka kuloci ya canza da hannu, wannan ko ina fushi da shi sai na faɗa. Tun zamanin Fijo 404 mai giya a jikin sitiyari ya fara, ya zo kan 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, mutum ne da in ya ji kukan giya daga nesa zai gaya maka haƙorin da ya cinye. Amma fa nan iliminsa ya tsaya. Duk motar da ba a taka mata kuloci a wajensa otomatik ce kawai, jan mai ɗaya ake ɗura musu duka, kuma yaro ba shi da bakin magana.

Wani Alhaji ya kawo Corolla S ta 2015, irin 'yan Amurkan nan da ake shigowa da su ta Kwatano, a canza masa man giya. Motar nan CVT ce, babu giya ta ɗaya ta biyu a cikinta, bel ne na ƙarfe yake gudu tsakanin fuli biyu masu buɗewa da tsukewa, kuma da irin man da aka yi mata bel ɗin yake kamawa. Na ce Oga don Allah wannan nata man daban ne, CVT FE ake sa mata. Ya ce tun ba a haife ni ba yake zuba mai a giya. Aka zuba nasa. Ba a jima ba motar ta dawo tana karkarwa, ka taka totur injin na ihu ita ko ba ta gaba. A gaban Alhajin, ina tsaye, Oga ya ce ai ni ne da na fita gwaji na yi ta wasa da fadul, wato 'yan makunnan canza giya na bayan sitiyari, har na ƙona giyar. Daga kuɗina aka riƙa cirewa har aka haɗa na wata giyar da aka sayo a Ƙofar Ruwa.

Wallahi abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar ba ta ma yiwuwa. Fadul ɗin nan, mai + da mai −, makunni ne kawai, saƙo yake aikawa kwamfutar giya ita ce mai yanke hukunci. In kana gudu sosai ka danna − kuma ta ga injin zai wuce ƙima sai ta yi ƙara ta ƙi sauka. A wannan Corollar ma matakai 7 ɗin da kake gani a dashbod kwaikwayo ne kwamfuta take yi. Asalin abin daga tseren Formula 1 ya fito, Ferrari ta fara sa shi a 1989 a motar da John Barnard ya tsara don direba ya daina sakin sitiyari yana laluben giya, Nigel Mansell ya ci tseren Brazil da ita a fitarta ta farko, sai a 1997 suka sa shi a motarsu F355 ta kan titi. Yaro ne ke da wannan bayanin shi ya sa ba wanda ya tsaya ya saurara, Alhaji ma kallon ɓarna kawai yake min.

Ku da kuke koyo yanzu, kafin ku kwance ko noti ɗaya ku san wace irin giya ce a gabanku, don giyar DSG ɗin da Volkswagen ta fito da ita a 2003 kuloci biyu gare ta a ciki, ba ruwanta da CVT ba ruwanta da tsohuwar otomatik. Ku jona sikana, na'urar da ke karanto matsala daga kwamfutar mota, kafin ku ɗau sifana. In babba ya ƙi shawararku ku faɗe ta a gaban shaida, ku ɗau hoton galan ɗin da aka zuba. Kuma ku koya wa masu mota amfanin fadul a gangare irin na Hawan Kibo, a sauko da giya injin ya riƙe motar kada birki ya yi zafi ya saki.

Yanzu ina da 'yar rumfata. Duk CVT ɗin da ta gagari Oga yaransa yake turowa da ita wajena ta bayan fage, ina kuma gyarawa saboda mai motar bai min komai ba. Kuɗina dai har yau bai ce uffan a kansu ba, ni kuma ban yafe ba tukuna.