Yadda Na Zaɓi Gida Mai Dacewa da Muhalli a Bayan Garin Kano

Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin man da janareto yake sha a gidan da nake haya ya fara gogayya da kuɗin cefane. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga farashin wuta ga masu rukunin Band A, waɗanda ya kamata su riƙa samun wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowace yunit, wato fiye da ninki uku na abin da suke biya a da. Saboda haka da na tashi neman gidan saye, sharaɗina na farko shi ne ya kasance gidan da za a iya zama a cikinsa ko da wuta ko babu.

Dillalai sun riga sun gane inda kasuwa ta dosa. Da zarar mutum ya ambaci muhalli ko sauƙin wuta, sai su kai shi gidan da aka jera wa farantan sola a kan rufi, su ce, “Alhaji, wannan ba ruwanka da nefa.” Sai dai sola kaya ne da ake iya saye a kasuwa a ɗora wa kowane gida, alhali kaurin bango da tsayin rufi da inda gida ya fuskanta ba sa canzuwa bayan an biya kuɗi. Wani tsohon magini, abokin mahaifina, shi ne ya ba ni ma'aunin da na yi aiki da shi. Ya ce, “Ɗana, kada ka je duba gida da safe. Ka je bayan azahar a tsakiyar bazara, ka sa a kashe fanka, sannan ka ɗora tafin hannunka a bangon yamma ta ciki.”

Na bi wannan shawara a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. A yawancin gidajen bulon siminti da na shiga, bangon yakan yi ɗumi kamar gefen tanda, zafin kwano kuma yana saukowa ta silin. Gidan da na saya daga ƙarshe an gina shi ne da bulon jar ƙasa da aka matse da inji aka haɗa da ɗan siminti, kuma a daidai wannan lokaci bangonsa na ciki bai ɗauki zafi ba. Dalili shi ne ƙasa mai kauri tana shan zafi a hankali, ba ya ratsa ta sai rana ta yi sanyi, kuma wannan ita ce hikimar da ke cikin sorayen tubali da azara na cikin birni, irin su Gidan Makama. Bambancin shi ne wannan bulo ba ya buƙatar yaɓe duk shekara. Dogayen ɓangarorin gidan suna kallon kudu da arewa, tagogin gabas da yamma ƙanana ne, sauran kuwa suna fuskantar juna domin iska ta ratsa, sannan an shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano. Akwai darbejiya a tsakar gida, nesa da tushen gini yadda saiwarta ba za ta yi ɓarna ba. Na kuma ji daɗin cewa ginin bai ci siminti da yawa ba, tun da sarrafa siminti yana samar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Ginin ƙasa yana da nasa sharuɗɗa. Zafin da bango ya sha da rana yakan sake shi da dare, don haka a bazara wajibi ne a buɗe tagogi bayan magariba, wanda ke nufin sai da raga mai kyau saboda sauro. Ruwa kuma shi ne babban abokin gabarsa, shi ya sa na kawo injiniya ya tabbatar an ɗaga tushen da kankare sama da ƙasa, kuma bakin rufi ya fito sosai yadda ruwan damina ba zai riƙa dukan bango ba.

Inda aka fi yin ciniki mai zafi shi ne batir. Farantan sola sukan yi shekara 25 suna aiki, amma batiran ruwa da na tarar a gidan ba sa wuce 'yan shekaru kaɗan, kuma mai gidan bai iya nuna rasidin sayensu ba. Na sa mai gyara ya auna su, ya ce sun kusa gajiya, aka rage mini kuɗin, na sa na litiyam waɗanda suka fi tsada amma suka fi daɗewa nesa ba kusa ba. A hunturu ƙura takan rufe farantan har wutar ta ragu, sai an riƙa wanke su da sassafe. Tankin tara ruwan sama yana da amfani daga Yuni zuwa Satumba kawai, sauran watanni rijiyar burtsatse muke dogara da ita, muna kunna famfonta da rana tsaka lokacin da sola ke da ƙarfi. Takardar shaidar mallaka kuwa na ba lauya ya bincika, kamar yadda ake yi wa kowane gida.

Na biya fiye da abin da zan biya a gidan siminti mai girmansa, kuma a lissafina rarar kuɗin mai da na wuta za ta ɗauki shekaru kafin ta cike wannan giɓi. Akwai kuma batun sayarwa nan gaba, domin har yanzu wasu 'yan uwana suna tambaya dalilin da zai sa mai albashi ya sayi gidan ƙasa, kuma mai saye na gobe yana iya zuwa da irin wannan tunani ya karya farashi. Wanda yake da niyyar sayarwa cikin shekara biyu ko uku ya kamata ya sa wannan a lissafinsa tun kafin ya biya la'ada.