Tarihin rayuwata, kashi na 14: Ranar da anka rufe sashen Hausa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wanga mako. Satin da ya wuce na tsaya inda na ce muku aiki ya zauna, albashi na shigowa kan lokaci, har na kama ɗaki ciki da falo a unguwar Bukoki ta Yamai na ɗauko ƙanena daga Tawa ya zo ya shiga jami'ar Abdou Moumouni. To yau za mu shiga wurin da na daɗe ban son taɓawa, amma tunda na ɗau alkawarin zan faɗi komi, bismillah.

Wurin da nike aiki tun asali ba gidan jarida ba ne. Intanet suke saidawa, su ja wa ofisoshi waya, su kafa musu wifi, su gina wa ƙungiyoyi da 'yan kasuwa shafi. Daga baya ne da kuɗi sunka shigo patron ya ce a buɗe sashen labarai, Faransanci da Hausa da Zabarmanci. Mu ukku ne a Hausa. Aikina kullum in iso biro a Plateau tun bakwai ba ta yi ba, in ɗauki abin da 'yan Faransanci sunka rubuta in maida shi Hausar da Inna za ta gane, in shiga wani ɗan ɗaki da anka manna wa katifu a bango in karanta minti biyar, a ɗora. Ranar Juma'a kuma ina da shirin hira da tsofaffi, wanda ni na roƙa anka ba ni, kuma wallahi duk abin da na yi a rayuwata babu wanda nike alfahari da shi kamar wanga shiri.

Kuɗin sashenmu daga talla suke hitowa. Bankuna, kamfanonin salula, sannan babba duka sanarwar ƙungiyoyin agaji da furoje-furoje, ta neman ma'aikata da ta bada kwangila. Su ɗin nan dai su ne kuma masu sayen intanet ɗin kamfani. Kenan ƙwanmu duka cikin kwando guda yake, mu ba mu lura ba.

Sai ga 26 ga Yuli 2023, ranar da sojoji sunka yi juyin mulki a Nijar. Kowa ya san abin da ya faru, ba siyasa na zo yi ba. Ranar 30 ga wata CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, anka rufe iyakoki, farkon Agusta Najeriya ta yanke kuran ɗin da take ba mu, alhali mafi yawan wutar da Yamai ke sha daga can take zuwa. Kamfanin intanet kuwa ba ya rayuwa ba wuta, injinan nan ko minti guda ba a son su mutu, sai gurup, wato janareta, ya koma yi dare da rana yana shan gazuwal kamar rijiya marar gindi. Banki ka je tun asuba ka bi layi a ce ga iyakar abin da za a ba ka. Faransa da Tarayyar Turai sunka dakatar da taimako, furoje sunka fara naɗe tabarma ɗaya bayan ɗaya, wanda ke biyan konekson na ofis mai mutum talatin ya bugo ya ce a yanke. Cikin wata biyu talla ta ɗauke ƙaf.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne lokacin nan ne mutane sunka fi bukatarmu. An rufe RFI da France 24 tun 3 ga Agusta, jita-jita ta cika WhatsApp, yau a ce sojojin CEDEAO na bakin iyaka gobe a ce sun shigo, tsofaffi a ƙauye hankalinsu a tashe. Mu kuwa muna bugawa Gaya mu tambayi direbobin da sunka maƙale gab da gadar Malanville, muna bugawa Galmi mu ji masu albasa da buhunansu ke ruɓewa cikin kamiyo saboda hanyar Ghana ta toshe. Wani dattijo mai albasa ya yi mini magana har muryarshi ta karye, na bar wurin yadda yake ban yanke ba. Da yamma na hito zan hau taksi, na wuce wata fada wajen Katako ana dafa shayi, sai na ji muryata tana tashi daga salular wani yaro, mutum kusan goma sun yi shiru suna saurare. Ban ce musu komi ba na wuce, amma daren nan da ƙyar na yi barci don murna.

Albashin Satumba rabi anka ba mu. Na Oktoba bai zo ba.

Wata Litinin cikin Nuwamba anka ce kowa ya hau sama, taro. Patron mutum ne mai kirki, ban taɓa jin ya ɗaga wa ma'aikaci murya ba, ranar nan ya rame idonshi ya faɗa. Ya ce jama'a, gaskiya ɗaya ce, kamfani na nutsewa, in ba a rage kaya ba kwale-kwalen zai kihe da mu duka. Za a riƙe saida intanet tunda shi ne uwa, sashen labarai za a bar mutum biyu na Faransanci su riƙa ɗora sanarwa, Hausa da Zabarmanci da bidiyo an rufe. Ya ce kada mu ɗauka mu kaɗai ne, ko a Amurka cikin Afrilun shekarar nan BuzzFeed ta rufe sashenta na labarai duk da ya ci kyautar Pulitzer a 2021, wata guda bayan nan Vice ta bayyana karayar arziki, Yahoo ma da ake ji da ita can baya ƙarshenta saida ta anka yi a 2017. Kuɗin talla na intanet yanzu kai tsaye suke tahiya wurin Google da Facebook, ɗan kasuwar Wadata da jikka biyar zai tallata shagonshi da kanshi, mi zai kawo shi wurinmu?

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri, ina da magana. Ya ce faɗi ɗiyata. Na ce in dai don masu saurare ne, ai Hausa ta fi kowane sashe, don mi za a fara da mu? Sai ya juyo da kwamfutarshi ya gwada mini lissafin masu shiga shafi, na Faransanci ya ninka namu nesa ba kusa ba. Na ce ranka shi daɗe wannan lissafi bai ga mutanenmu. Mutum guda ke da forfen intanet, ya sauke muryar sau guda, ya tura guruf goma, daga can a tura wa na Agadas da na Libiya da na Abidjan, wanda ba shi da konekson a zuba mishi a kat memuwar. Kwamfuta ta rubuta mutum ɗaya, alhali gari guda ya ji. Ya yi shiru, can ya ce na sani, wallahi na sani, direbana ma ke yake saurare. Amma mai talla lamba yake saye, kuma ba ni da lambar da zan gwada mishi.

Na daɗe ina juya wagga magana. Ban riƙe shi a zuciya ba, mutumin da ya saida motarshi ya biya mu bashin wata biyu kahin mu tahi ba azzalumi ba ne. Amma ban yarda an yi daidai ba, kuma har yau ban yarda ba. Wanda ya iya Faransanci yana da jarida, yana da tele, yana da shafuka ɗari. Matar da ke daka a Bagga ko Keita minti biyar ɗin nan ke gare ta, kuma ita anka fara cire wa saboda talaucinta bai bari a ƙirga ta.

Sai maganar da ta fi zafi. Da zan tattara kayana na je wurin yaron da ke kula da injina na ce ƙanena, don Allah zuba mini hirarrakin tsofaffi duka a kile USB. Ya duba ya duba, ya ce Anti, na bana kaɗai ke nan biro, sauran suna kan sabar da muke haya a Turai, kuma an yi wata ukku ba a biya ba saboda tura kuɗi waje ya gagara, sun rufe. Na ce a buɗe mana. Ya ce sai an biya, in wa'adi ya wuce kuma sharewa suke. Na bi na bi har Janairu, ranar da ya bugo mini ya ce an share ina tsaye bakin pampo da bokiti, sai na zauna nan ƙasa.

Cikin abin da ya tahi akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Buza da ta ba ni labarin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ta faɗa mini yadda sunka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, da yadda ta goyo ɗa har Konni a ƙasa, ta rera mini waƙar da mata ke yi a lokacin. Sa'a biyu muna zaune ƙarƙashin bagaruwa. Akwai wani tsohon maƙeri, akwai wani da ya yi aikin dashen itace da jera duwatsu a furojen Keita tun farkonshi. Tsohuwar ta rasu da damanar 2022, maƙerin ma ya bi ta. Jikokinta sun taɓa bugo mini sunka ce in aiko musu muryar kakarsu, na ce in sha Allah, ina ganin ai tana nan ajiye, ina za ta? Laihina ne da ban kwahe ba tun lokacin, wannan ban ɗora wa kowa.

Ban gaya wa Inna an sallame ni ba. Kwana ukku da sallamar sai ga wayarta da sassahe. Ni ce 'yar fari don haka ba ta kiran sunana, ta ce ke, lahiya dai? Na ce lahiya lau Inna. Ta ce to mi ya hana ki magana, matan gidan ga kullum sai sun taru wurina bayan kunu, jiya har ta gidan liman ta aiko tana tambaya ko ba ki da lahiya. Na buɗe baki in yi ƙarya sai kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce su sunka ba ki bakin? Na ce a'a. Ta ce to gobe muna jira.

Washegari bayan sallar asuba na tada ƙanena na ce ya riƙe mini bargo bisa kaina saboda ƙarar zakarun maƙwabta, na kunna salulata mai fasasshen gilashi, forfe na ɗari biyar ya rage mini. Na yi minti huɗu kan kuɗin shinkafa da na albasa da na tambayo jiya a Katako, na tura wa Inna ita kaɗai. Kahin azahar lambobi goma sha ɗaya da ban sani ba sun rubuto mini, ɗaya daga Tamanrasset.

Yadda anka yi abin nan ya zama guruf har ya girma, da mutumin da ya zo har Bukoki da wata takarda yana son in sa hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.