Gyaran amfilifaya a Essen da gardamar Metallica da ba ta ƙarewa

Sana'ata gyaran amfilifayar jita ce, musamman irin ta da mai bawul, waɗannan kwalaben gilashi da ke yin ja idan sun ɗauki zafi. Shagona yana birnin Essen, a yankin Ruhr na Jamus, ƙasar da ta yi suna da kwal da masana'antun ƙarfe. Nan ne gidan kiɗan tarash metal na Jamusawa: ƙungiyar Kreator 'yan Essen ne, Sodom kuma 'yan Gelsenkirchen da ke maƙwabtaka da mu. Kiɗa ne mai gudu da kaushi, jita na gurnani, ganga ba ta hutawa. Galibin masu kawo mini aiki mutanensa ne, wasu furfura ta cika musu kai amma gashin na nan har kafaɗa. Da wuya biyu daga cikinsu su haɗu a gaban teburina ba a tayar da maganar Metallica ba.

Ƙungiyar ta Amurka ce, an kafa ta a Los Angeles a 1981. Tsofaffin masoyanta sun kasu kashi-kashi. Akwai masu cewa Metallica ta gaskiya ta ƙare ranar 27 ga Satumba 1986, da motarsu ta kife a Suwidin, mai jitar bes ɗinsu Cliff Burton ya rasu. Akwai masu ɗaga ƙafa zuwa 1988. Mafi yawa suna ja layi ne a 1991, shekarar faifansu mai baƙin bango, wanda mai tsara sauti Bob Rock ya tsara, inda suka rage gudu, suka taƙaita waƙoƙi, rediyo ta karɓe su, faifan ya sayar da sama da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. Da faifansu Load ya fito a 1996, suka bayyana da aski, sai wasu suka ce ai shi ke nan, an sayar da gida.

Ni da kunnen mai gyara nake sauraron wannan gardama, kuma kunnen a Kano aka horar da shi. A Sabon Gari na koyi aiki, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifayar masallatai da ta masu biki. Yawancinsu Ahuja ne, ba bawul a ciki, amma jefi-jefi wani tsoho zai shigo rungume da rediyon katako na zamanin da, kuma waɗannan maigida ba ya bari kowa ya taɓa sai shi. Ni dai nawa riƙe fitila. Kafin ya ɗauki mita sai ya kunna abin, ya karkata kai, ya ce, "Yaro, me ka ji?" In na ce ƙara, sai ya ce wace iri, ta kafasita ce ko ta waya da ta saki? Sai da na iya rarrabe su kafin ya damƙa mini ƙarfen narka dalma. A wurinsa na koyi sa hannu ɗaya a aljihu in ana aiki a cikin injin da ke da wuta, domin amfilifaya mai bawul tana ɗauke da sama da bolt 400, kuma kafasita na riƙe wutar ko bayan an zare soket.

Abin da kusan kowa ke nema a wurina shi ne sautin Master of Puppets, faifan Metallica. An naɗi faifan a ɗakin naɗi na Sweet Silence da ke Kofanhegan, babban birnin Denmark, tare da mai tsara sauti Flemming Rasmussen, ya fito a Maris 1986, kuma jitar ta bi ta cikin Mesa/Boogie Mark IIC+, amfilifayar da aka ƙera a Kalifoniya na ɗan gajeren lokaci a tsakiyar shekarun 1980. A fuskarta akwai 'yan sanduna biyar na daidaita sauti. Ana danne na tsakiya ƙasa, a ɗaga na gefe-gefe, su yi siffar V, sai sautin ya yi nauyi a ƙasa, ya yi kaifi a sama, cikinsa a rarake. Na buɗe irin wannan inji, na san yadda cikinsa yake a cunkushe, kuma in ya zo hannuna ba na gaggawa. Kafasitocin da suka tsufa nake fara canzawa, in wanke mazaunin bawul ɗaya bayan ɗaya, in gwada kowace bawul ƙirar 6L6 a na'ura har in samu waɗanda ƙarfinsu ya zo daidai. Dalmata tana fitowa sumul tana sheƙi, ba dunƙule ba. Bayan an gama, sai injin ya wuni a kunne a kan teburi ina bibiyarsa kafin in kira mai shi.

Amma ina gaya wa kowa gaskiya tun kafin ya biya: rabin wannan sautin a hannun daman James Hetfield, mawaƙinsu kuma mai jita, yake. Ƙasa kawai yake bugun tsirkiya, ba ya dawowa sama, a gudun da yawancin mutane damtsensu ke ƙagewa kafin waƙa ta kai rabi, kuma an naɗi jitar sau da yawa an jera a kan juna. Wannan ba a sayar da shi a shago.

Nan ne masu arha ke cutar mutane. Wani zai sayo ɗan akwati a intanet da aka rubuta wa alkawarin sautin 1986, ko injin kwaikwayo da aka harhaɗa da taransifoma marar nauyi, bayan wata biyu ya fara hayaƙi, sai a kawo mini a ce in yi dabara. In na faɗi kuɗin aiki kuma a ce ai bai kai kuɗin da aka sayo shi ba. To, dama shi ya sa ya ƙone. Su ma masu kawo mana kaya ba su bar mu ba. Masana'antun bawul kaɗan suka rage a duniya, a Silobakiya da Rasha da Sin, kuma da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kaya suka yi wuya, farashi ya tashi. Tun daga lokacin wani dillali zai aiko da bawul huɗu a kwali ɗaya da tambarin an gwada su sun dace, in ɗora a na'urata in ga ɗaya ta yi nisa da 'yan uwanta. Mayarwa nake yi. Na gwammace mai kaya ya jira mako biyu da in sa masa abin da zai ci masa taransifoma.

A kan gardamar kuwa, ina da matsayi. Masu zagin baƙin faifan 1991 ba na tare da su. Ko ba ka son waƙoƙin, sa shi a lasifika mai kyau ka ji yadda kowane abu ya zauna a mazauninsa, ganga da faɗi, bes a ƙarƙashi yana riƙe da komai. Aiki ne na gwanaye. Mutum ya kusa shekara talatin yana da damar ya ce ya gaji da gudu. Kreator ɗinmu ma sun yi irin wannan yawon, suka sassauta a faifansu Endorama a 1999, mutanen garin nan suka yi ta guna-guni, sannan suka dawo da Violent Revolution a 2001 aka yafe musu. Sauya salo ba laifi ba ne a wurina.

Abin da ba na yafewa shi ne ɓata aiki. Faifan 1988, ...And Justice for All, masu tsattsauran ra'ayi suna ɗaukarsa da daraja, alhali an danne bes ɗin Jason Newsted, wanda ya maye gurbin Burton, har kusan ba a jin sa. Mutum ya shiga ɗakin naɗi ya yi aikinsa, aka binne. Da aka sake fitar da faifan a 2018 ma ba a ɗago shi ba. St. Anger na 2003, inda mai gangarsu Lars Ulrich ya saki wayoyin ƙarƙashin ƙaramar gangarsa ta koma tana ƙarar ƙarfe, ba na jin daɗinsa, amma aƙalla da gangan suka zaɓi hakan. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Death Magnetic na 2008. Sun dawo da gudun da masoya suka shekara ashirin suna roƙo, waƙoƙin na da kyau, sai aka tura ƙarfin sautin har ya wuce iyaka. Na taɓa ɗora shi a allon gwajina don in nuna wa wani yaro mai koyon aiki: kan igiyar sautin a yanke yake, shafal, kamar mai awo ya sa hannu ya share abin da ya taru a saman mudu. Dubban masoya suka sa hannu a takardar koke, wasu suka koma sauraron waƙoƙin daga wasan bidiyo na Guitar Hero saboda na can ba a matse shi haka ba. An sha kawo mini lasifika a ce ta fashe, in gwada in ga lafiyarta lau, faifan ne.

Yanzu kuma wasu sababbi sun shigo gardamar. Tun da wani shirin Netflix ya sa waƙar Metallica ta 1986 a 2022, yara 'yan shekara sha shida suke zuwa da iyayensu, riƙe da tsohon injin da aka ciro daga ɗakin ajiya. Su ba ruwansu da wanda ya yi aski a 1996. Waƙar da da ta yanzu duk a jere suke a wayarsu, kuma tsofaffin ba su san yadda za su yi da su ba. Ni ina jin daɗin aikinsu, domin suna tambaya kuma suna saurare.

Duk mai kawo inji, ya haɗo da jitarsa da wayar da yake amfani da ita, ya kuma faɗa mini faifan wace shekara yake so ya kusanta. Za mu zauna ya buga, ni ina juya maɓallai, kafin in kwance ko da noti ɗaya. Wanda kuma aka riga aka kai wa wani ya jagwalgwala cikinsa, a faɗa mini tun farko, don aikinsa daban ne kuma kuɗinsa daban.