Inda aikin shafin lissafi ya kwana

'Yan'uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Shafin intanet na koyar da lissafi da nake haɗa wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a nan Gombe ya fara kama hanya.

A takarda na fara zana shi, daidai faɗin fuskar waya, domin yaran nan da Itel ko Tecno ta iyayensu za su buɗe shi, da 'yar datar da ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa kowane darasi ya samu shafinsa: gajeren bayani, misali ɗaya da aka warware, tambayoyi, sai maɓallin "Na gaba" can ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa. Hotuna na mayar da su WebP, wato tsarin hoto mara nauyi, don su yi sauƙin buɗewa. Bidiyo kuwa sai nan gaba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. In ba a ayyana UTF-8, tsarin da ke sa waya ta gane haruffa, a saman HTML ba, wato rubutun da ake gina shafin da shi, ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su koma wasu alamomi marasa kan gado. Ko an ayyana ɗin, in salon rubutun da ka zaɓa ba ya ɗauke da su, waya za ta aro daga wani salon, sai ka ga ƙ ta yi daban a tsakiyar kalma. Babba zai wuce abinsa, amma yaro yakan tsaya. Na zaɓi salon Andika na SIL, ƙungiya mai aikin harsuna, wanda aka ƙera musamman don masu koyon karatu. Salon Noto Sans ma yana da haruffan.

Ranar Asabar a unguwar Pantami na miƙa wa ɗiyar yayata wayar, na ce ta nemo darasin rabawa, na ja bakina na yi shiru. Layukan nan uku na kusurwar sama, masu buɗe jerin darussa, ko kallonsu ba ta yi ba, ba ta san ana danna su ba. Yanzu kalmar "Darussa" ce a wurin, ɓaro-ɓaro. Da muka fito tsakar gida kuma, rana ta cinye rubutun mai ruwan toka. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, to na koma baƙi a kan fari.

Mako mai zuwa, in sha Allahu, zan shiga tambayoyin da ke nuna amsa nan take. Mai buɗe intanet da manhajar Opera Mini a cikinku ya yi mini magana, ina so mu gwada a wayarsa.