Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takwas da Biyu

Makon jiya na tsaya a kan yadda na bar aikina na farko, na kuma yi alkawarin ɗorawa daga nan. Ku yi haƙuri, yau ba zan cika ba. Kwana uku ke nan maganar Dogo tana cin raina, idan ban sauke ta ba sauran labarin ba zai tafi daidai ba.

Masu bin wannan tarihi sun san Dogo, benci ɗaya muka zauna a makaranta. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, shi ɗan Manchester United ne, ni kuwa Arsenal. Kuma bari in gyara wata magana da ya daɗe yana yaɗawa, wai Kanu ne ya kai ni Arsenal. Ƙarya yake yi. Tun a 1998 nake tare da su, shekarar da Overmars ya ci United ɗaya mai ban haushi a gidansu, Old Trafford, muka ɗauki Firimiya muka haɗa da kofin FA. Kanu sai a farkon 1999 ya zo daga Inter Milan, ya tarar da ni. Ba na musun cewa ranar da ya zuba wa Chelsea uku cikin minti 15 na ƙarshe, ana ruwan sama, bayan an ci mu biyu, na yi ihun da muryata ta dushe har kwana biyu. Amma ya tarar da ni.

A wannan shekarar ta 1999 Kawu ya faɗa mini maganar da ta bi ni har yau. Wasan kusa da na ƙarshe ne na kofin FA tsakaninmu da United, a ɗakin Dogo muka kalla. An ba mu fenariti ana dab da tashi, Bergkamp ya buga, Schmeichel ya kaɓe. A ƙarin lokaci Giggs ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya ratsa 'yan bayanmu kamar ba mutane ba, ya ɗaɗa ta a raga, ya tuɓe riga yana gudu. Na koma gida ban iya yi wa kowa magana ba. Kawu, Allah ya jiƙansa, ya dube ni ya tambayi abin da ya faru. Da aka gaya masa sai ya ce, "Su waɗannan da kake wa zaman makoki, sun san da kai?" Na yi shiru. Ya ce, "To, ɗana, son maso wani ƙoshin wahala."

Na ji haushinsa a lokacin. Ina ganin tsoho ne da bai san daɗin abin ba.

Shekarun da suka biyo baya nawa ne, kuma na mori Dogo son raina. Kakar 2003 zuwa 2004 muka buga wasa 38 babu wanda ya kai mu ƙasa. Kowace Litinin sai na tare shi in tambaye shi ko ya ji labarin wanda ya ci mu, don ni rediyona ya lalace. Mun kai wasa 49, United ce ta tsayar da mu a Oktoban 2004, da fenaritin da har gobe ban yarda da shi ba, domin Campbell bai taɓa Rooney ba. Ko jiya na sake kallonsa a waya. Bai taɓa shi ba.

Duk wannan wasa ne, kowa ya san wasa ne. Ya ci ni in ci shi, a yi dariya a watse. Ko daren Paris na 2006, da aka ba Lehmann jan kati tun minti na 18, Barcelona ta karɓe kofin Zakarun Turai daga hannunmu, Dogo bai ce komai ba sai da gari ya waye. Ina riƙe masa wannan.

Sai ranar 28 ga Agustan 2011.

A watan nan Fabregas ya tafi Barcelona, Nasri ya tafi Manchester City, muka je Old Trafford da yara. Takwas da biyu. Rooney ya ci uku, Ashley Young biyu, har Park Ji-sung ya samu rabonsa. Na kashe talabijin tun a ta shida, sauran a bakin maƙwabta na ji. Da yamma ina zaune da maman yara da 'ya'yana da ƙanena biyu, sai ga sallamar Dogo, riƙe da hannun autansa, yaro ɗan shekara huɗu. Ya zauna, aka gaisa lafiya lau. Can sai ya ce, "Kun san yaron nan ya fara iya ƙirga? Zo ka nuna wa Baffanka." Yaro ya tsaya a gabana yana lanƙwasa yatsu, ɗaya, biyu, uku, har takwas. Ya tsaya. Dogo ya ce, "Iyakar abin da na koya masa ke nan, ya ishe shi na yau."

Gida ya ɗauki dariya. Har maman yara, wadda ba ta san bambancin kwana da fenariti ba.

Shi ya fara, wannan ina nan a kai. Ba a yi wa mutum haka a gaban iyalinsa. Amma abin da ya fito daga bakina ya fi takwas ɗin muni. Akwai kuɗin da na ranta masa lokacin da kasuwarsa ta karye, wanda babu wanda ya sani daga ni sai shi. Na ce, "Tunda ya iya ƙirga, ka koya masa ya ƙirga abin da nake bin ubansa."

Dariya ta ɗauke. Dogo bai ce uffan ba, ya kama hannun yaronsa ya fita. Bayan mako biyu ya aiko da kuɗin cif, daga baya na ji babur ɗinsa ya sayar. Gori ne na yi masa, ba shi da wani suna. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa zafin wasa ne, to amma su Rooney ba su san ina da rai ba, kamar yadda Kawu ya faɗa. Wanda ya san ina da rai shi na wulaƙanta.

Wata 20 ba mu yi magana ba. A cikinsu Van Persie, kyaftin ɗinmu, ya koma wajensu a Agustan 2012. Na jira saƙon Dogo, shiru. Mutumin ya ci musu ƙwallo 26, suka ɗauki kofinsu na 20, aka sa 'yan wasanmu suka jeru a Emirates suna tafa masa. Na sake jira, shiru. Wallahi shirun nan ya fi mini ciwo a kan tafiyar Van Persie. Shi Van Persie ai maso wani ne, daman Henry ma ya tafi a 2007, mun saba. Amma a ce an yi mini irin wannan cin fuska babu wanda zai kira ya zolaye ni? Wasu sun zolaye ni a wurin aiki, ba ɗaya ba ne. Ba su san inda ke mini ciwo ba.

Ranar 8 ga Mayun 2013 ina tuƙi na ji a rediyo Ferguson, kocin United, zai ajiye aiki, bayan shekara 26. Na tsayar da mota, na danna lambarsa, sai da ta fara ƙara na tuna ba ma magana. Ya ɗauka. Na ce, "Ka ji ko?" Ya ce, "Na ji. Ka kira ka yi mini gaisuwa ne ko dariya?" Na ce duka biyun. Shi ke nan. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai tayar ba, kuma har yau maganar kuɗin nan ba ta sake shiga tsakaninmu ba. Wannan na ɗaya daga cikin abubuwan da nake kwana da su.

Daga nan ban san inda shekaru suka shiga ba. Wenger, kocinmu, ya tafi a 2018 bayan shekara 22, Dogo ya ce mini, "Tsohonka ya bi tsohona, saura mu." Yanzu Arteta ke jan ƙungiyar, yaron da na girme shi da shekara 14. Saka kuwa sa'ar 'yata ta biyu ne. Da can idan ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo zaginsa nake yi, yanzu sai in ji ina cewa yaro ne, a bar shi. Wasan dare ma sau da yawa barci ke kwashe ni kafin hutun rabin lokaci, sai da safe in duba waya.

Amma ban manta da ƙirgar nan ba. Kusan shekara 12 ina ajiye da ita.

Ranar 5 ga Maris ɗin 2023 Liverpool ta zuba wa United bakwai da nema a Anfield, mako ɗaya bayan sun ɗauki kofin League suna ta cika baki. Shida daga ciki bayan an dawo hutu. Washegari na ɗauki jikana, shi ma ɗan shekara huɗu, muna tafe ina bita da shi a mota, ɗaya zuwa bakwai, kada ya wuce. Na san Dogo bai ji daɗi ba, an ce mini hawan jini ne ya kwantar da shi, amma mun fi wata biyu ba mu haɗu ba, ni kuma na ɗauka irin wanda ya saba yi ne.

Autan nasa ne ya buɗe mana ƙofa, ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. Na tarar da Dogo a jingine, ya rame, ɓarin jikinsa na hagu ba ya motsi. Likita ya hana shi kallon wasa, amma ashe ya sa an gaya masa sakamakon. Ya dube ni, ya dubi jikana, nan take ya gane abin da ya kawo mu. Na matse hannun yaron don kada ya fara.

Dogo ya ɗaga hannunsa na dama a hankali, ya ware yatsu biyar. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ɗayan, ya ƙi. Bakinsa a karkace ya ce, "Ranta mini biyu."

Na ɗaga yatsu biyu na haɗa da nasa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, autan ya ruga ɗebo ruwa, jikana kuwa ya ga yatsu a sama ya fara ƙirga abinsa da ƙarfi, ya wuce bakwai ya kai goma.

Yana samun sauƙi, yanzu yana takawa da sanda. Ranar Lahadin nan da ta wuce ne ya kira ni, wai in zo mu kalli wasa a ɓoye kada mai ɗakinsa ta sani. Na je. Dukanmu biyu barci ya kwashe mu, autan ne ya tashe mu ya gaya mana yadda aka tashi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan maganar aikin.