Zoɓo mai sanyi ba firji

Yau da azahar aka ɗauke wuta, zafin bazara kamar ya dafa mutum, sai ga maƙwabciya ta aiko da zoɓo mai sanyi. Ba firji, ba ƙanƙara. Tukwanen ƙasa ne biyu, ƙarama cikin babba, an cika tsakaninsu da yashi faɗin yatsu biyu. Safe da yamma ake jiƙa yashin, a lulluɓe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin, shi ya sa tukunya mai fenti ko ɗaki a rufe aikin banza ne. Damina na sauka, sanyin ya ragu.

Har la'asar ina gindin dalbejiya da kofin zoɓo, ina lissafin kuɗin ƙanƙarar da na kashe bana.